Firizar da na saya ta Facebook ta iso ba ta ƙanƙara, a wuyan wa asarar take?

Maman Hanifa, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Zoɓo da kunun aya nake sayarwa a gida. Da na kwashi adashe sai na sayi firiza ta hannu wajen wani mutum a Kano da na ga tallarsa a Facebook, naira 185,000, ban da kuɗin mota. Kafin in tura kuɗi ya aiko min bidiyo, ga ledojin ruwa a ciki sun daskare kamar dutse. Na tambaye shi ko an taɓa gyara ta, ya ce ko sau ɗaya.

Ranar Laraba ƙanena ya ɗauko ta daga tasha. Injin yana ƙara, fitila tana kamawa, amma har kwana biyu ruwan bai wuce sanyin randa ba. Zoɓon da na zuba ya yi tsami, da hannuna na zubar da shi. Mai gyara ya kwance bayanta, ya nuna min tabon walda biyu a jikin bututu, ya ce ta nan gas ɗin da ke sa ta sanyi ya zurare. Da na kira mai kayan sai ya ce kayan hannu ba su da garanti, lafiya lau ta bar hannunsa, in je in nemi direba. Jarina ke nan duka, ga azumi ya matso. Don Allah mene ne haƙƙina?

Mai gyaran firij, Zariya:
Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. A tsaye aka kawo ta ko a kwance? In an kwantar da ita a mota, man kwamfaresa, wato injin firizar, yakan gangara cikin bututu, shi ya sa muke cewa a bar ta tsaye sa'o'i kafin a jona. Amma direba ba ya walda a hanya. Tsohuwar walda takan yi baƙi, ga maiƙo da ƙura a kewaye. Wasu masu sayarwa kan yi ƙarin gas su ɗauki bidiyo, bayan kwana kaɗan ya tsiyaye. Ki ɗauki hoton wurin kafin kowa ya taɓa.

Ɗalibin ilimi, Sakkwato:
'Yar uwa, tsufan kaya daban, ɓoye aibi daban. Kin yarda da tsufa tun da kika sayi ta hannu, amma ba ki yarda da yoyon da aka rufe miki ba. A hadisin Muslim, Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tulin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. A Malikiyya ya halatta a sayi abin da ba a gani ba bisa siffantawa, amma in tsohon aibi ya bayyana, mai saye na da zaɓi: ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Kada ki ci gaba da amfani da ita, kada a ce kin yarda.

Mai shago, Kano:
Ni ma kayan hannu nake sayarwa, kuma maganar nan ta ɓata min rai, don irin su ne ke jawo mana zagi. Hajiya, kada ki goge saƙon da ya ce ba a taɓa gyara ta ba, da shaidar tura kuɗi. In yana da shago a kasuwa, a kai wa shugabannin kasuwar, sun fi saurin tanƙwara shi. In ya ƙi, akwai hukumar FCCPC da aka kafa da dokar kare masu sayayya ta 2018, tana karɓar koke ta intanet.

Maman Hanifa, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. A tsaye ta zo, an ɗaure ta da igiya, kuma sai washegari muka jona. Na tura wa mai kayan hoton waldar da saƙon nasa. Ya ce zai ba da 30,000 kuɗin gyara, na ce a'a, ya karɓi kayansa. Maigidana zai shiga Kano ranar Asabar da hotunan, mun gano layin da shagon yake.