Aflodin: ɗora, loda ko tura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar shafukan intanet a Kano. Ina roƙon mu tsayar da magana ɗaya a kan abin da muke kira "aflodin" ɗin hoto, wato kai hoto daga waya ko kwamfuta zuwa shafin intanet, domin yaran da muke koya wa WordPress, manhajar gina shafukan intanet, suna ruɗewa. Wannan malami ya ce tura, wancan ya ce loda, wani ya ce saka.

Ni dai ɗora nake goyon baya. Dalilina shi ne tana da abokiyar tafiya: sauke. Ku je kasuwar waya ta Farm Centre, duk mai tura wa mutane fina-finai zai ce maka ya sauke abu daga intanet. To abin da ake saukewa ai ɗora shi aka yi, kamar yadda ɗan dako a Kantin Kwari yake ɗora dila a ka, in ya isa ya sauke. Tura ta riga ta tafi wajen aika wa mutum saƙo a WhatsApp. Loda kuwa, wayar da ke jujjuyawa ta kasa buɗe shafi ita ma cewa ake tana lodin, sai ma'ana biyu su haɗu a baki ɗaya.

Wata 'yar'uwa ta ce min, "Malam, ai ɗora ita muke faɗa in mun fitar da rubutu a Facebook." Gaskiyarki, Hajiya, kuma nan ne gizo ke saƙar. A Facebook aikin ɗaya ne, a WordPress uku ne. Hoto yakan fara shiga ma'ajiyar hotuna ta shafin, wannan ne ɗorawa. Sannan a ɗauko shi a sa cikin rubutu, wannan sakawa. Sai a danna maɓallin da zai kai shi gaban masu karatu, wannan wallafawa. Yaron da bai bambance ukun ba zai rantse ya sa hoto, alhali hoton yana kwance a ma'ajiya.

Abin da ya fi damuna ma shi ne shirin da ake yi kafin ɗorawa. Mu raba girma da nauyi. Girma faɗi da tsawo ne, da fiksel ake auna shi, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto. Nauyi kuwa kilobait ne da megabait, shi ke cinye datar mai karatu a Kurna ko Ɗorayi. Hoton waya mai fiksel 4000 a faɗi, 3000 a tsawo yakan kai megabait uku ko huɗu. Tun fitowar WordPress 5.3 a 2019, shi da kansa yake rage hoton da ya wuce fiksel 2560, amma hakan bai isa ba. Sai ka rage girma, sannan ka matse shi, wato ka zaftare nauyin ba tare da ido ya ga bambanci ba. Tsarin ajiye hoto na WebP da Google ya fitar a 2010, wanda WordPress ya karɓa a 2021, ya fi tsohon tsarin JPEG matsuwa. Yanke gefen hoto kuma datsa ce, babu gardama.

Saura ɗan ƙaramin hoton nan mai fiksel 150 kowane ɓangare da manhajar WordPress ke samarwa da kanta daga hoton da aka ɗora. Wasu na cewa ɗan yatsa, amma bai zauna min a kunne ba. Ni "ɗan hoto" nake faɗa a aji. Malamanmu na sashen harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, don Allah ku sa mana baki a kan wannan.