Neman kalma: "launch" da "activation" a izinin DCOM

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara darasi don masu kula da kwamfutocin Windows, kuma ranar Alhamis zan miƙa shi. Babin ya shafi kuskuren 0x80070005, wanda kan bayyana idan kwamfuta ta nemi wani ɓangaren manhaja da ke kan wata kwamfutar ta hanyar DCOM, wato tsarin Windows da ke haɗa manhajoji tsakanin kwamfutoci, aka hana ta. A cikin dcomcnfg, wato inda ake saita DCOM, an raba izinin "launch" da na "activation", kowanne da na gida da na nesa, ni kuwa "kunnawa" kawai ke zuwa mini a duka biyun.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kada ki haɗa su, Malama. Na farko tayar da shirin da ba ya aiki ne, kamar yadda ake tayar da inji. Na biyu kuwa neman shirin ya ba ka abin aiki ne, ko da ya riga ya tashi. Ana iya ba mutum ɗaya a hana shi ɗayan, shi ya sa rahoton Windows mai lamba 10016 yake ambaton ainihin izinin da aka rasa, tare da CLSID da APPID, wato lambobin da ke tantance ɓangaren manhajar da kuma shirin. Shawarata ita ce "izinin tayarwa" da "izinin kira".

Malamin Hausa: "Tayarwa" ta yi, amma "kira" ta yi arha. Na daɗe ina koyar da "farkarwa", kuma ita ce ta dace. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuke barin dcomcnfg tsirara a rubutun Hausa, sai ka ce harshenmu ya gaza.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, wanda idonsa biyu ba a farkar da shi, ga shi kuma shirin kan kasance yana aiki tuni. Shi kuwa dcomcnfg umarni ne da ake bugawa, idan aka fassara shi kwamfuta ba za ta gane ba. Ai "izini" ma aro ce daga Larabci.

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakinmu ya zama ɗan gida. Ku dai kuna jin kunyar Hausa a gaban abokan aikinku ne.

Mai fassara: Don Allah a bar zancen kunya, lokaci ya ƙure mini. Na ɗauki "tayarwa". A na biyun zan sa "kira", in bi ta da jimla ɗaya ta bayani.

Malamin Hausa: To, ki sa. Ni dai a ajina "farkarwa" za a ci gaba da ji.