Neman shawara kan tsawon allunan zamiyar ƙanƙara

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka ƙware a wasan zamiya a kan ƙanƙara, domin na kasa tsayar da shawara kan tsawon allunan da zan saya.

Tsayina santimita 178 ne, nauyina kilo 92, kuma wannan ce shekarata ta biyu a wasan. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce idan an tsayar da allon a ƙasa, tsawonsa ya kai tsakanin haɓa da saman kai, sabon shiga ya ɗauki gajere saboda sauƙin juyawa. Da na yi hayar mai santimita 160, juyawa ta yi mini daɗi, amma da zarar gudu ya ƙaru a kan ƙanƙara mai tauri sai allunan su fara karkarwa, har na rasa natsuwa.

Irin allon da nake so yana zuwa a tsawon santimita 165 da 172, kuma bakinsa a ɗage yake, wanda hakan ke rage ɓangaren da ke taɓa ƙanƙara. Shin nauyina ya isa dalilin ɗaukar 172, ko ƙarancin ƙwarewata ya fi cancantar a duba? Na gode.