Basmati zan dafa ranar suna, fara ko sella?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar sunan ƙanwata, an ɗora min girkin baƙin mijinta, mutum kamar 30, kuma basmati suke so. Na ga kala biyu a kanti, fara sol da mai ruwan ɗorawa wadda aka rubuta sella a buhunta. Wacce ta fi jure babbar tukunya? A kan gawayi zan dafa.

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Ki zuba a tukunyar lantarki kawai, shi ke nan.

Maman Ilham: Anti, gawayi fa na ce.

Uwargida Zariya: Sella za ki saya, ƙanwata. Turara ta aka yi tun tana cikin ɓawonta, shi ya sa ba ta saurin caɓewa. Farar ta fi ƙamshi amma ba ta da haƙuri. Ki wanke har ruwan ya washe, ki jiƙa ta kamar awa ɗaya. Ta tafasa ta kusa nuna ki tsane a kwando, ki mayar tukunya, ki janye garwashi ta turara. Ban da yawan juyawa.

Maman 'Yan Biyu: Hmm, basmati! Walimar saukar ɗana na sayi buhu biyu, mai kanti har da rantsuwa daga Pakistan take. Ina zuba ta a ruwa ta kakkarye. Ba tsawo, ba ƙamshi, ta dame a tukunya. Dangin miji suna zaune, uwar mijina ta ɗaga murfi ta mayar ba ta ce uffan ba. Wallahi na yi kuka a madafi. Har yau in an taru sai an tayar da maganar.

Abban Nana: Da kin kaɗa miyar kuka kin ce tuwon Indiya ne.

Maman 'Yan Biyu: Malam, ba abin dariya ba ne.

Ummu Sadik: Nawa kika saya? Ni 5kg 17,000 na saya a kasuwar Singa ta Kano.

Amaryar Kaduna: 17 kuma? Satin nan 24,000 aka ce min. Anya taki ta gaske ce? Ki duba ko an rubuta 1121, ita ce mai dogon ƙwaya.

Abban Nana: Ruwa ɗaya da rabi ga gwangwani ɗaya, ba sai an tsane ba.

Uwargida Zariya: Wannan lissafin girkin mutum biyu ne a kan gas. Ka taɓa tsayawa kan tukunyar suna?

Abban Nana: Hajiya, a gidan abinci na yi aiki a Jidda, kullum ita muke dafawa.

Maman 'Yan Biyu: Rubutun buhu ma ba hujja ba ne. Tun rufe boda a 2019 wasu suka koyi sake wa shinkafa buhu. Ko 'yar gida ka saya, mudun ma an bubbuge gindinsa.

Amaryar Kaduna: Ai maganar mudu kar ki fara, mu a unguwarmu ko gero ba ya cika.

Maman Ilham: To jama'a, kilo nawa zai ishi mutum 30?