Neman kalma: "canon" da batun Dumbledore, kafin Juma'a

Hajara Mai Shiri: Assalamu alaikum malamai. Ina da shirin adabi a rediyo da za mu ɗauka Juma'a da yamma, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Tambayar shirin ita ce, bayan littafi ya shiga kasuwa, marubuci yana da ikon ƙara wa tauraronsa wani hali da baki? Misalin da na ɗauko shi ne na J.K. Rowling, marubuciyar littattafan Harry Potter. Ranar 19 ga Oktoba 2007, a zauren Carnegie Hall da ke New York, aka tambaye ta ko Dumbledore, shugaban makarantar Hogwarts a littattafan Harry Potter, ya taɓa yin soyayya. Ta ce ita dai a ranta Dumbledore mai son maza ne, kuma Grindelwald, wani matsafi abokinsa na ƙuruciya, ya so. Wata uku ke nan da fitowar littafi na bakwai, na ƙarshe. Zauren ya kaure da tafi, amma a waje masu karatu suka rabu. Wasu sun yi murna, wasu iyaye masu riƙo da addini a Amurka sun fusata, wasu kuma, har da masu goyon bayan abin, suka ce in da gaske take me ya hana ta rubuta shi? Duk rigimar tana kewaya kalmar "canon", wato abin da aka yarda yana cikin labari a hukumance. Ta biyu kuma "sexual orientation", wato ko maza ko mata mutum yake sha'awa. A taimaka.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Canon ai igwa ce a Faransanci. Ki ce marubuciya ta harba igwa, kin huta.

Malam Sabo Zariya: Ɗan Damagaram, bar wasa, baiwar Allah na da aiki. Malama Hajara, ba sai mun je nesa ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya san matani da sharhi da hashiya. Littattafan nan bakwai, daga 1997 zuwa 2007, su ne matani. Abin da ta faɗa a New York sharhi ne, sai dai sharhin mai littafi da kansa. Ki tambayi masu sauraro: sharhin mai littafi yana zama matani? Kowane almajiri zai gane inda kika dosa.

Hajara Mai Shiri: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Amma akwai gyara. Masu cewa maganar ta shiga "canon" ba su ce tana cikin shafukan ba. Sun san babu. Cewa suke tunda daga bakin mai labari ta fito, ta zama hujja. Kalmar tana ɗauke da iko, ba shafi kawai ba.

Malam Sabo Zariya: To nassi ke nan.

Baban Ummi: A'a Malam, da girmanka. Nassi na Alƙur'ani da hadisi ne. A ɗauko shi a jingina wa tatsuniyar matsafa, kuma a kan wannan magana? Wayar gidan rediyon ba za ta huta ba ranar.

Malam Sabo Zariya: Su ma Turawan daga coci suka aro tasu, sunan jerin littattafan da aka amince da su ne a Baibul. Amma na ji, a bar nassi.

Gwani Tsantsa: Kullum haka kuke. Matani, sharhi, nassi, hashiya. An gudu daga Turanci an faɗa Larabci, sai a ce an yi fassara. Hausa ta mutu ne? Shekara biyu ina amfani da "ƙashin-labari" a rubuce-rubucena. Ƙashi shi ke riƙe jiki. Abin da ke cikin ƙashin-labari shi ne tabbas, saura tsoka ce, tana ƙaruwa tana raguwa.

Ɗan Damagaram: Gwani, a rediyo fa za a faɗa. In harshen baƙon shirin ya zame ƙugiyar ƙ ta faɗi, me ya rage?

Gwani Tsantsa: Wanda bai iya furta ƙ ba me ya kai shi gidan rediyon Hausa? Ku can kun saba cusa Faransanci, lakwal, likita, komai.

Ɗan Damagaram: Likita daga Ingilishi kuka kawo mana ita, yallaɓai. Kuma "labari" da ka manna wa ƙashinka, daga ina ta zo? Tsantsar taka rabi Balarabiya ce.

Gwani Tsantsa: Wannan ta daɗe, ta zama 'yar gida.

Malam Sabo Zariya: Matani ma tare suka iso.

Anti Binta Marubuciya: Ku ji maza, an bar jaki ana dukan taiki. Hajara ƙanwata, mu masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad mun san wannan ciwon. Na taɓa faɗa wa masu karatuna, bayan na rufe wani labari, cewa ni a raina uwargidan ba ta taɓa son mijin ba. Kwana uku ana faɗa. Wata ta rubuto mini: "Anti, ba ki sa a labari ba, don haka ra'ayinki ne, ni ma ina da nawa." Ta ƙona mini rai amma na kasa ba ta amsa. Abin da suke cewa da bakinsu shi ne "ainihin labari" ko "gundarin labari". Ki ɗauki gundarin labari. Ba wanda zai tambaye ki ma'ana.

Baban Ummi: Ni ta biyun ce ban ga abin wahala ba. Ɗan luwaɗi ne, a faɗa kai tsaye. Ko ɗan daudu in ana jin nauyi.

Hajara Mai Shiri: Baba, a nan ne ma na fi maƙalewa. Ɗan daudu ba ta shiga ko kusa. Wannan magana ce ta tafiya da karairaya da zama cikin mata, shi kuwa Dumbledore tsoho ne mai gemu har ciki, dattijon makaranta. Luwaɗi kuma sunan aiki ne. In na ce haka, mai sauraro zai ɗauka akwai shafin da aka aikata wani abu, alhali a littattafan bakwai babu ko riƙe hannu. Abin da ke ciki shi ne abotar ƙuruciya da Grindelwald, da yaƙin da suka gwabza a 1945. Ai rashin komai a shafi shi ne tushen rigimar. In kalmata ta sa abin da babu a littafin, na kashe tambayar shirin da kaina, kuma na yi wa masu sauraro ƙarya.

Malam Sabo Zariya: Tana da gaskiya. Kalmominmu sun sa wa aiki suna, tasu ta sa wa inda zuciya ta fuskanta. Alƙiblar sha'awa?

Baban Ummi: Malam, yau kam ka rantse sai ka ja mana. Ka bar nassi ka koma alƙibla?

Malam Sabo Zariya: Ana cewa alƙiblar siyasa ba wanda ya yi magana. Amma na janye. Karkatar sha'awa.

Anti Binta Marubuciya: Karkata tana iya nufin abin ya kauce hanya, ka yanke hukunci ke nan a cikin kalma. Wasu hakan suke so, amma ita labari take bayarwa. Sai dai in aka ce "jinsin da zuciyarsa ta karkata gare shi", nan ba zargi, kamar yadda ake cewa hankalina ya karkata ga wance.

Gwani Tsantsa: Kalma bakwai a madadin biyu. Wannan bayani ne, ba fassara ba. Ni na ce "son-jinsi".

Ɗan Damagaram: Son jinsi kamar son kai ko ƙabilanci ta yi mini a kunne. Kuma jinsi, Gwani... a'a, na yi shiru. Hajara, ƙarin abu ga shirinki: a fim ɗin 2022 na jerin Fantastic Beasts, wanda ya samo asali daga labarin Harry Potter, an sa Dumbledore ya furta soyayyar da bakinsa, amma aka yanke daƙiƙa shida na maganar kafin a nuna shi a China. Ka ga abu ya shiga gundari a wata ƙasa, a wata ya fita.

Hajara Mai Shiri: Wannan zan rufe da shi. Ga abin da na rubuta: "Marubuciyar ta ce a ranta Dumbledore mai son jinsinsa ne, amma masu karatu da yawa sun ce wannan sharhinta ne, bai shiga gundarin labari ba." Na aro daga Malam, na aro daga Anti. Kalmar nan ta biyu a matsayin suna dai ban samu ba, zan kewaye ta.

Baban Ummi: Har yanzu ina ganin kwana-kwana ne, mutane za su fassara da kalmar da suka sani. Amma shirinki ne, 'yata.

Gwani Tsantsa: Gundari ba laifi, aƙalla tamu ce. Sharhin nan ne dai. Ki ambaci ƙashin-labari ko sau ɗaya, a ji yadda za ta zauna a kunne.

Hajara Mai Shiri: Minti ashirin da biyar gare ni, Gwani, har da talla. In ya ragu.