Ina jin kunyar baikona a ranar godiya

Maiɗinki, Sabon Gari:

Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. Ni tela ce, ina da keke ɗaya a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Sabon Gari, kuma shekara uku ke nan da rasuwar maigidana, wanda ya bar ni da yara huɗu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ɗinki ya ja baya, domin mai neman kuɗin masara ba zai kai yadi wurin tela ba. Abin da yake damuna shi ne bikin godiya na ƙarshen shekara a ikilisiyarmu, inda ake kiran iyalai su fito da waƙa da rawa, wasu da buhun shinkafa, wasu da akuya, a kuma faɗi abin da kowa ya kawo a lasifika. Bara naira ɗari biyar na sa a ambulan, na koma mazaunina kaina a sunkuye, bana kuwa har na fara tunanin in yi zamana a gida. Ina roƙon iyaye da 'yan'uwa su gaya mini gaskiya: shin wannan ɗan abin hidima ce ga Allah, ko in jira sai hannuna ya yi nauyi?

Dattijo, Brigade:

'Yata, Allah ya ƙara miki haƙuri, ya raya marayun nan. Kada ki zauna a gida. Ki buɗe Markus 12:41-44, inda Yesu ya zauna daura da baitulmalin Haikali yana kallon attajirai suna zuba kuɗi masu yawa, sai wata gwauruwa matalauciya ta zo ta zuba anini biyu, ya kira almajiransa ya ce ta fi su duka bayarwa. Yaran yanzu ba su san anini ba, amma ni na riƙe shi ina ƙarami: ɗan kuɗi ne mai huda a tsakiya, sai an tara goma ake samun kobo ɗaya, ko a ƙasa ya faɗi ba kowa ne zai sunkuya ya ɗauka ba.

Akwai kuma wurin da mutane ba su cika lura da shi ba. Littafin Firistoci 12:8 ya yarda wa matar da ta haihu, idan ba ta da halin ɗan rago, ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, kuma Luka 2:24 ya nuna irin wannan hadaya Maryamu da Yusufu suka miƙa sa'ad da suka kai Yesu Urushalima. Gidan da Mai Cetonmu ya tashi a ciki baikon talakawa ya kai, ba a kuma mai da su daga bakin ƙofa ba.

Uwar zumunta, Badawa:

Ƙanwata, kin ƙidaya abin da yake cikin ambulan, kin manta da kekenki. Dokas ta garin Yafa, a Ayyukan Manzanni 9:36-39, da ta rasu gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, riguna da tufafin da ta ɗinka suke nuna masa. A Zumuntar Mata tamu akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai wadda ban taɓa jin an kira sunanta a lasifika ba, amma kowace Asabar da yamma ita ce take share majami'a, ta goge bencina, ta cika randar ruwa saboda yaran makarantar Lahadi. Ranar da ta kwanta rashin lafiya kowa ya san ba ta nan. Ki duba rigunan mawaƙa da suka yage da labulen bagade, ki sami uwar zumuntarku ki ce za ki gyara.

Malamin makarantar Lahadi, Naibawa:

Mama, na yarda da maganar Baba da ta Inna, amma ina ganin laifin ba naki ba ne, al'adar faɗar baiko a lasifika ce take bukatar gyara. Matiyu 6:3 ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake yi, ban kuwa ga yadda za a haɗa wannan da kiran suna da adadi a gaban jama'a ba. Ina kuma jin zafi idan aka ɗauki labarin anini biyu ana matsa wa matalauta da shi, domin a Markus 12:40, dab da labarin, Yesu ya tsauta wa malaman Attaura masu cin kayan gwauraye. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, kuma ba nufinsa ba ne wasu su huta wasu su shiga ƙunci (2 Korantiyawa 8:12-13). Saboda haka kada ki ci bashi ko ki taɓa kuɗin makarantar yara don a ga kin fito, gama ciyar da marayu huɗu ma hidima ce da kike yi kullum. Baba, da yake kana cikin dattawa, ina roƙonka da ladabi ka kai maganar lasifikar nan gaban majalisarku.

Dattijo, Brigade:

Na ji, ɗana, kuma ka faɗi gaskiya. Ni ma na sha zama a gaba ana karanta sunaye ban ce komai ba. Zan tayar da maganar a zamanmu na gaba.

Maiɗinki, Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Baba, Yaya da Malam. Jiya bayan sujada na sami uwar zumuntarmu, ta ba ni rigunan mawaƙa guda bakwai da ɗinkinsu ya warware, na riga na gama uku. Zan je bikin godiya tare da yarana, da ambulan ɗina kamar na bara. Ku sa babbar 'yata cikin addu'a, domin bana za ta rubuta jarrabawar gama sakandare, kuma ban kammala biyan kuɗin rajistarta ba tukuna.