Yadda Ake Kashe Sheƙin Azurfa: Abin da Maƙera Suka Ce

Maƙeran azurfa da suka tattauna batun sun haɗu a kan abu guda: kashe sheƙi ba ya ɓoye aibi. Sai an gama liƙi, an bi sawun magagari da samfefa mai lamba 400, sannan 600, kafin a taɓa fuskar zobe ko awarwaro.

Hanya mafi sauƙi ita ce buroshin farar tagulla da ruwan sabulu. In aka goga a bushe, yakan bar rawaya-rawaya a jikin azurfar. A riƙa ja ta fuska ɗaya. Da hannu ya karkace, layukan sai su haɗe kamar ƙarzuwa. Mai amfani da buroshin waya na inji ya rage gudu, kada ya danna, ya kuma sa tabarau, domin wayoyin na tsinkewa su yi tsalle.

Maƙeran sun fi daɗewa suna tattauna wata hanyar, wadda ke ba azurfa fari mai kama da raɓa. Azurfa 925 tana da jan ƙarfe kashi 7.5 cikin ɗari. Ana gasa ta har ta yi duhu, ba har ta yi ja sosai ba, a tsoma a ruwan asid na sitirik mai ɗumi, a ɗauraye, a maimaita sau biyar ko shida. Asid ɗin na cinye jan ƙarfen sama, ya bar zallar azurfa. Kada hantsakin baƙin ƙarfe ya shiga ruwan, azurfar za ta yi ja-ja.

Wannan farin, fata ce siririya a saman azurfar. A 'yan kunne yana daɗewa, a zobe kuwa gogayya kan dawo da sheƙin. Dutsen ado a dasa shi bayan an gama da wuta.